Yadda Za Ka Auna Ƙungiyar Hokin Ƙanƙara Kafin Ka Yanke Mata Hukunci: Misalin Toronto Maple Leafs

Duk wanda ya fara bibiyar gasar hokin ƙanƙara ta NHL, wadda ƙungiyoyi 32 na Kanada da Amurka ke fafatawa a cikinta, ba zai daɗe ba sai ya tarar da muhawarar da ta fi kowace tsawon rai a tsakanin magoya baya, wato abin da ke damun Toronto Maple Leafs. Ƙungiyar ta ɗauki Kofin Stanley sau 13, babu wadda ta fi ta sai Montreal Canadiens mai 24, amma rabonta da kofin tun 1967. Wasu na cewa 'yan wasanta ba su da zuciya, wasu na cewa rashin sa'a ne, wasu kuma suna ɗora laifin a kan al'adar ƙungiyar. Abin da nake son in shimfiɗa a nan shi ne hanyar da mai goyon baya zai bi ya auna ƙungiya da kansa, ta yadda idan ya buɗe baki a cikin irin wannan muhawara maganarsa za ta tsaya a kan hujja. Na ɗauki Toronto ne domin labarinta ya tara kusan kowane irin ruɗani, amma hanyar za ta yi aiki ga kowace ƙungiya.

Ka fara da raba kakar wasa gida biyu, domin gasa biyu ce a cikin riga ɗaya. A kakar 2024-25 kowace ƙungiya ta buga wasanni 82 daga Oktoba zuwa Afrilu, sannan ƙungiyoyi 16 suka shiga zagayen fitar da gwani, inda ake karawa har sai ɗaya ta yi nasara sau huɗu a cikin wasanni bakwai, kuma sai an tsallake irin wannan karawa sau huɗu kafin a taɓa kofi. Dokokin ma sun bambanta. A lokacin tara maki, idan an tashi kunnen doki bayan zango uku na minti 20, ana ƙara minti biyar da 'yan wasa uku-uku ban da masu tsaron raga, idan ba a rabu ba a je bugun raba gardama. A zagayen fitar da gwani babu wannan duka, ana ci gaba ne da mutum biyar-biyar, zango bayan zango, har sai wani ya zura faifai, wato abin da ake bugawa a maimakon ƙwallo, a raga. Saboda haka gwanintar da ke tara wa ƙungiya maki a watan Disamba ba lallai ba ne ta amfane ta a watan Mayu.

Idan ka buɗe teburin gasa, kada ka tsaya a kan jimillar maki. Nasara maki biyu ce, amma wanda aka doke a ƙarin lokaci ko a bugun raba gardama yana tafiya da maki ɗaya, kuma wannan makin yana iya ɗaga ƙungiya mai rauni ta zauna kusa da mai ƙarfi. Abubuwa biyu za ka nema. Na farko shi ne yawan nasarorin da aka samu a cikin minti 60 na ƙa'ida, na biyu kuma tazarar da ke tsakanin cin da ƙungiya ta yi da wanda aka yi mata. Ƙungiyar da ke saman tebur amma tazararta ƙarama ce, mai yiwuwa ta yi ta cin wasanni ne da bambancin ci ɗaya, kuma irin wannan nasara ba kasafai take ɗorewa ba.

Dalilin haka shi ne sa'a tana da babban rabo a wannan wasa, fiye da yadda sabon ɗan kallo yake zato. Faifan ƙaramin abu ne na roba mai tsananin gudu, yana bugun takalmi ko sanda ko ƙafar wani ya sauya hanya, kuma a wasa guda kowace ƙungiya kan kai wa mai tsaron raga hari kusan sau 30 amma jimillar cin ɓangarorin biyu ba ta cika wuce shida da yawa ba. Idan ci ya yi ƙaranci haka, sulɓewar ƙafa ɗaya tana iya juya sakamako. Don haka masu nazarin wasan suka koma ƙidaya abin da ya fi yawa, wato duk wani yunƙurin bugu zuwa raga, ko ya shiga, ko an tare, ko ya baude. Wannan ƙidaya ita ake kira Corsi, kuma za ka same ta kyauta a Natural Stat Trick ko MoneyPuck. Ka duba ta a lokacin da ake biyar da biyar, domin a nan ake buga mafi yawan wasan. Ƙungiyar da ke da fiye da kashi 50 cikin 100 na waɗannan yunƙuri ita ce ke riƙe faifai a gidan abokan hamayya. Sai ka haɗa da ma'aunin cin da ake tsammani, wanda ke ba kowane bugu nauyi gwargwadon nisansa da kusurwarsa, saboda bugu goma daga bakin shuɗin layi, wato iyakar gidan abokan hamayya da ke nesa da raga, ba su kai darajar biyu daga gaban raga ba.

Akwai wani ɗan lissafi mai sauƙi da nake ganin ya fi sauran amfani ga mai muhawara, wanda ake kira PDO. Ka haɗa kason bugun ƙungiyar da ke shiga raga da kason bugun abokan hamayya da mai tsaron ragarta ke tarewa. A faɗin gasar jimillar 100 ce daidai, tunda duk bugun da ya nufi raga ko dai ya shiga ko an tare shi. Idan ƙungiyarka tana kan 104 bayan wasanni goma, ka rage murna, domin da wuya ta tsaya a can. Idan kuma tana kan 96 alhali tana mamaye abokan karawarta, ka jinkirta kiran a kori koci. Ƙungiyar da ke da gwanayen bugu ko mai tsaron raga na musamman tana iya zama sama da 100 kaɗan na tsawon lokaci, amma kaɗan ɗin ne. Mai tsaron raga kuwa ka ware shi ka auna shi shi kaɗai, saboda babu mutum ɗaya a filin da ke iya rufe aibin ƙungiya ko ya tona asirinta kamarsa, kuma sau da yawa abin da ake yabo a matsayin sabon tsarin koci mai tsaron raga ne da ke cikin makonninsa masu kyau.

Alƙaluma ba za su maye gurbin ido ba, sai dai ido ma yana bukatar horo. Sabon ɗan kallo yana bin faifai duk inda ya nufa. Ka ɗauki zango ɗaya a kowane wasa ka bar faifan, ka bi mutum ɗaya. Ka ga ko yana komawa gida da gudu idan an ƙwace faifai, ko yana shiga lungun katanga inda ake shan gwara kafaɗa, ko yana tsayawa gaban raga ya tare wa mai tsaron raga gani. Ka lura kuma da yadda 'yan baya ke fitar da faifai daga gidansu: da miƙawa mai tsafta, ko da watsarwa a jikin katanga don a huta. 'Yan wasa ba sa wuce kusan daƙiƙa 45 a kan ƙanƙara kafin a sauya su, kuma kocin masu masaukin baƙi shi ke da damar sauyi na ƙarshe idan an tsayar da wasa, don haka yana iya zaɓar wanda zai tsare tauraron baƙi. Kafin ka ce wane ya ɓace a wasa, ka duba da wa aka haɗa shi da kuma a wane ɓangaren fili ake yawan fara masa wasa.

Daga nan sai batun kuɗi, wanda ba a fahimtar NHL ba tare da shi ba. Bayan rikicin da ya sa aka soke kakar 2004-05 gaba ɗayanta, an kafa iyakar albashi da kowace ƙungiya ba za ta wuce ba. Ta fara da dalar Amurka miliyan 39, ta kai miliyan 88 a kakar 2024-25. Wannan yana nufin dukiyar Toronto ba ta saya mata ƙarin ɗan wasa ko ɗaya, kuma tambayar da ta dace a kan kowane ɗan wasa ita ce ko aikinsa ya kai kason da yake ci daga wannan iyaka. A waccan kaka, Auston Matthews da William Nylander da John Tavares da Mitch Marner, dukkansu 'yan gaba, sun ɗauki kusan dala miliyan 46 da rabi, wato fiye da rabin kuɗin. Abin da ya rage shi aka raba wa kusan mutum ashirin, ciki har da dukkan 'yan baya da masu tsaron raga. Adalci kuma ya sa a tuna cewa lokacin da babban manaja Kyle Dubas ya ƙulla kwantiragin farko na wannan tsari a 2018 da 2019, ana sa ran iyakar za ta ci gaba da hawa, sai annobar korona ta tsayar da ita a miliyan 81 da rabi har kaka uku. Mai sukar tsarin yana da hujja, amma idan bai ambaci wannan ba ya ɓoye rabin labari.

Yanzu ga wurin da muhawarar ta fi zafi, wato yadda za a ɗauki faɗuwa a zagayen fitar da gwani. Wasanni bakwai ba su da yawa, kuma tarihi ya nuna haka ƙarara. Tampa Bay Lightning ta yi nasara 62 a kakar 2018-19, sai Columbus ta fitar da ita a zagayen farko ba tare da ta ci wasa ko ɗaya ba. Boston Bruins ta kafa tarihin nasara 65 da maki 135 a 2022-23, ita ma Florida ta yi waje da ita a zagayen farko. St. Louis Blues kuwa tana ƙarshen tebur a farkon Janairun 2019, amma a watan Yuni ita ta ɗaga kofi. Wanda ya yanke wa ƙungiya hukunci da karawa ɗaya tak ya yi gaggawa.

Sai dai karawa ɗaya daban, shekaru tara daban, kuma a nan ne ake bukatar mai goyon baya ya riƙe hujjojin ɓangarorin biyu a hannu ɗaya. Daga 2017 zuwa 2025 Toronto ta tsallake zagaye sau biyu kacal, a kan Tampa Bay a 2023 da kuma Ottawa a 2025. Mai kare ta zai ce tsarin rukuni ya sha haɗa ta da manya tun daga farko, kamar a 2022 da ta tara maki 115, mafi yawa a tarihinta, amma aka haɗa ta da Tampa Bay mai riƙe da kofi biyu a jere. Zai ƙara da cewa waɗanda suka fitar da ita a 2019 da 2021 da 2022 da 2023 duk sun kai wasan ƙarshe, Florida ta 2025 kuma kofin ta ɗauka. Zai tuna cewa Tavares ya ji rauni a wasan farko da Montreal a 2021, kuma a 2024 Nylander bai buga wasanni uku na farko ba, Matthews ma ya rasa biyu. Duk gaskiya ne. Mai suka kuma zai kawo sakamakon wasanni na bakwai: 5-1 a 2019, 3-1 a 2021, 2-1 a 2022, 2-1 a 2024, da 6-1 a 2025. A kowanne daga cikin biyar ɗin Toronto ci ɗaya ta yi. A nawa ganin wannan ita ce hujja mafi nauyi a duk muhawarar, domin ƙungiyar an gina ta ne a kan zura faifai, an kashe fiye da rabin kuɗinta a kan masu zurawa, ɗaya daga cikinsu ma ya ci 69 a kakar 2023-24, amma a ranar da aka fi bukata abin da aka saya da tsada shi ne ya yi ƙaranci. Ba zan kira wannan rashin zuciya ba, tunda babu mai ganin zuciyar wani daga kujerar kallo. Abin da za a iya dubawa shi ne daga ina ake buga faifan a waɗannan wasanni, ko ana kaiwa gaban raga ko an tura su gefe, da kuma ko rinjayen mutum ɗaya da ake samu idan an hukunta abokin hamayya yana haifar da ci.

Batun al'adar ƙungiya shi ne mafi sauƙin faɗa kuma mafi wuyar tabbatarwa. Ƙa'idar da nake ba da shawara a bi ita ce kada ka ambaci al'ada sai kana iya nuna aiki: wani abu da wani mai iko ya yi, a wani lokaci sananne, da abin da ya biyo baya. Tarihin Toronto yana da misalai na gaske. A zamanin Harold Ballard, wanda ya riƙe ƙungiyar daga farkon shekarun 1970 har rasuwarsa a 1990, an ɓata da Dave Keon, gwarzon kofin 1967, har ya yi shekaru da dama yana nesa da ƙungiyar. A Disamban 1979 aka sayar da Lanny McDonald, kyaftin Darryl Sittler kuma ya cire harafin kyaftin daga rigarsa don nuna fushi. Na kusa shi ne abin da ya fito bayan an sallami koci Mike Babcock a Nuwamban 2019, cewa ya taɓa sa Marner, yana sabon shiga, ya jera abokan wasansa bisa ƙwazon aiki, sannan ya bayyana wa wasu daga cikinsu abin da yaron ya rubuta. Babcock ya amsa cewa kuskure ne. Irin wannan shi ne shaidar al'ada, domin yana nuna yadda babba ke mu'amala da ƙarami a wurin aiki. Yanayin fuskar ɗan wasa a benci, ko gajeriyar amsar da ya ba 'yan jarida bayan an doke su, ba shaida ba ce.

Ka kuma yi hattara da liƙa wa mutum tambari na dindindin. Nazem Kadri, wanda Toronto ta zaɓa a 2009, an dakatar da shi a karawa da Boston a 2018 da kuma 2019 saboda mugun bugu, har aka yanke cewa ba wanda za a dogara da shi ba ne idan wasa ya yi zafi, aka mayar da shi Colorado a bazarar 2019. A can ma an sake dakatar da shi a 2021, don haka masu sukarsa ba ƙarya suka yi ba. Amma a 2022 yana cikin ginshiƙan da suka ɗauko wa Colorado kofi, kuma da ranarsa ta riƙe kofin ta zo, kamar yadda ake ba kowane ɗan wasan da ya yi nasara, ya kai shi masallacin garinsu, London ta lardin Ontario. Mutumin bai zama wani daban ba, matsayinsa a cikin ƙungiya da waɗanda ke kewaye da shi ne suka sauya.

Wata al'ada ta wasan gaba ɗaya tana tilasta haƙuri. Ƙungiyoyi ba sa bayyana ainihin raunin ɗan wasa, sai dai su ce a saman jiki ne ko a ƙasan jiki, don kada abokan hamayya su nufi wurin. Gaskiya takan fito ne kwana biyu ko uku bayan an fitar da ƙungiya, ranar da 'yan wasa ke kwashe kayansu suna ganawa da 'yan jarida. A 2013 sai bayan wasan ƙarshe aka san cewa Patrice Bergeron na Boston ya buga da karyayyen haƙarƙari. Saboda haka hukuncin da ka yanke wa ɗan wasa a daren faɗuwa ka riƙe shi a zuci har wannan rana ta wuce. Ba na yabon wannan al'ada ta wasa da ciwo, musamman idan raunin na kai ne, amma mai auna ƙwazo dole ya san tana nan.

Magoya baya su ma ɓangare ne na al'adar da suke suka. A Toronto har yau ana maganar sandar Wayne Gretzky na Los Angeles Kings da ta sami fuskar Doug Gilmour na Toronto a 1993 ba tare da alƙalin wasa ya hukunta ba, da kuma daren 2013 da ƙungiyar ke gaba da ci 4-1 a zango na uku na wasa na bakwai amma Boston ta dawo ta ci 5-4. Wannan tarihi yana sa kowace faɗuwa ta yi nauyin shekaru fiye da hamsin, har a Mayun 2025 wasu suka jefa rigunan ƙungiyar a kan ƙanƙara. Ana iya fahimtar ɓacin ransu, amma idan kana auna 'yan wasan yau ka sauke musu kayan da ba nasu ba. A 1967 ƙungiyoyi shida ne a gasar kuma zagaye biyu ake tsallakewa, yanzu 32 ne da zagaye huɗu, kuma babu wata ƙungiyar Kanada da ta ɗauki kofin tun Montreal a 1993. Ko matsin 'yan jarida da magoya baya yana rage wa 'yan wasa ƙwazo tambaya ce mai kyau, amma wanda ya yi wannan iƙirari sai ya bayyana yadda Montreal ta tara kofuna a ƙarƙashin matsin da bai gaza na Toronto ba.

Abu na ƙarshe da za ka yi shi ne ka mayar da ra'ayinka abin da za a iya gwadawa. Bayan kakar 2024-25 ƙungiyar ta rabu da shugabanta Brendan Shanahan, wanda ya riƙe muƙamin tun 2014, Marner kuma ya koma Vegas Golden Knights, wato an rushe tsarin mutum huɗu da aka daɗe ana gardama a kai. Duk lokacin da ƙungiya ta yi irin wannan sauyi, ka rubuta tun kafin a fara kaka abin da kake sa ran gani idan ra'ayinka daidai ne. Idan ka yarda tara kuɗi a kan 'yan gaba ne matsalar, to ya kamata layi na uku da na huɗu, wato rukunonin 'yan gaba da ke bayan taurari, su ƙara ci, kuma damar da ake ba abokan hamayya a gaban raga ta ragu. Idan kuma ka yarda sa'a ce kawai ta ƙi, to rasa gwanin miƙa faifai irin Marner ya kamata ya bayyana a raguwar damar da ƙungiyar ke ƙirƙira a biyar da biyar. Ka bari a buga wasanni 20 zuwa 25 kafin ka fara dubawa, ka sake dubawa bayan an rufe cinikin 'yan wasa a watan Maris, sannan ka kwatanta da abin da ka rubuta a Oktoba.